Raken da Malam Ya Kira Auta

Shekara talatin da ɗaya ina auren mutumin da sana'arsa ita ce sa wa rake cuta. In mata suka tambaye ni a shago me maigidana yake yi, haka nake faɗa musu, sai su yi dariya su ce ba na rabo da tsiya. Amma gaskiyar ke nan. Da safe zai yi wanka, ya sa rigar da na goge masa, ya hau keke ya tafi tashar binciken noma da ke bayan gari, ya sami tsiron rake lafiyayye yana zaman zamansa a tukunya, ya shafa masa ciwo da hannunsa. A kan haka ake ba shi albashi, kuma da shi muka raini 'ya'ya huɗu.

Ni tela ce, bakina kuma ya fi keken ɗinkina gudu, wannan kowa ya sani a layinmu. Malam shi ne akasina. Zai iya wuni a gida ba ka ji muryarsa ba sai sallama da godiya. Yanzu da ya yi ritaya, jikokinsa suna ganin wani tsoho ne kawai mai gyaran kejin kaji, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani game da shi tun ina tunawa daidai.

Ciwon da nake magana manoma suna ce masa dabbare. Ƙwayar bairos ce take kawo shi, ba a ganinta da ido, ba ta kuma da magani. Wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ne suke ɗaukarta daga wannan kara zuwa wancan, in kuma manomi ya yanki gaɓar da ta kamu ya dasa, to ya dasa har da ciwon. Ganye sai ya yi dabbare-dabbare, nan kore mai duhu, nan kore mai haske, kara ya tsumbure ya ƙi kauri, zaƙi ya ragu. Ba ya kashe rake nan take, a tsaye yake cinye shi shekara bayan shekara. Tun da ba magani, abin da ya rage shi ne a nemo irin da ciwon ba ya kamawa, kuma ba yadda za a yi a san haka sai an ba shi ciwon an gani.

Malam ɗan manomin rake ne. Su biyu mahaifinsu ya bari, shi da wansa wanda duk muke kira Yaya. Yaya ya riƙe gonar gado a bakin kogi, shi kuma ya shiga tashar a matsayin lebura, ɗaukar tukwane da ban ruwa. A lokacin akwai wani tsohon ma'aikaci da idonsa ya fara gajiya. Wata rana ya ga sabon leburan nan ya ware tukwane shida gefe ba a sa shi ba. Ya tambaye shi dalili, ya ce ganyensu ne bai yi masa ba. Tsohon ya duba bai ga komai ba. Bayan kwana uku duka shidan suka yi dabbare. Daga ranar aka karɓe bokitin ban ruwa daga hannunsa, tsohon ya zaunar da shi ya koya masa dirza. Har ya bar aiki Malam Dirza ake ce masa a tashar, kuma bai taɓa nuna sunan ya dame shi ba.

Ga yadda aikin yake, don na ji shi har na haddace, na kuma gani da idona a ranakun da nake kai masa abinci. Akwai wani dogon ɗaki na raga mai ƙofa biyu a jere, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu don kada ƙwaro ya bi ka ciki. A ciki tebura ne na ƙarfe, a kansu baƙaƙen tukwanen roba, kowace da tsiron rake mai ganye uku ko huɗu da ɗan allo mai lamba. Masana ne suke haɗa wannan rake da wancan su fitar da sababbin iri, ɗaruruwa a shekara, ba suna sai lamba. Malam zai tsinko sabon ganye daga raken da ya riga ya kamu, ya yanyanka, ya daka a ɗan turmin tangaran da wani ruwa da ake haɗa masa a ɗakin gwaji, ya tace da ƙyalle, ya ɗora kwanon a kan ƙanƙara saboda zafi yana kashe ƙarfin ƙwayar. Sai ya zuba wani baƙin gari, mai laushi a ido, mai kaifi a hannu. Ya tsoma babban yatsa da manuniya, ya kama ganye, ya ja daga gindi zuwa baki sau uku. Garin ne yake ƙarce fatar ganyen ƙwayar ta sami hanya. In hannu ya yi nauyi, ganye ya ƙone ya mutu, ba a koyi komai ba. In ya yi sauƙi, ciwo bai shiga ba, sai a ɗauka rake ya yi jarumta alhali ba a taɓa shi ba.

A ƙarshen kowane tebur akwai tukwane biyar na wani tsohon iri rago, wanda ko harararsa ciwon ya yi sai ya kwanta. Shaida suke ce wa waɗannan. In bayan sati uku Shaida ta kamu, to ruwan ranar yana da ƙarfi, duk wanda ya tsira a teburin ya cancanci a sake duba shi. In Shaida ta tashi lafiya, aikin ranar ya tashi a banza. Ban taɓa ganin inda ake murna da rashin lafiya ba sai nan. Malam zai dawo gida fuska a sake, in ce masa lafiya, ya ce, "Lafiya lau, Shaida ta kwanta." Daga nan sai ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga ganye a hasken safiya yana ba da maki, ɗaya ga mai lafiya, biyar ga wanda ciwo ya gama da shi.

Aikin ya biyo shi har gida. Yatsun nan biyu sun yi kore-kore, sabulu ya gaji ya ƙyale su. Garin ya share zanensu tas, har lokacin da aka kawo injin dangwala yatsa a ƙofar ofis injin ya ƙi yarda akwai Malam a duniya, sai da aka ɗauki ƙaramin yatsansa na hagu. A gida kuwa ba ya buɗe ƙofa sai ya rufe wadda ya baro, ko da ina bayansa ɗauke da tire. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dokar tashar, cewa ko gaɓa ɗaya ta rake ba ta fita, don kada wani ya dasa irin da ba a gama gwadawa ba. Wasu sukan ɗan naɗo a buhu in ido ya kau. Malam kuwa ko ɓawo. Mijina yana wuni cikin rake, ni ina sayen nawa a bakin titi kamar kowa, yara suna tambayata ko da gaske babansu can yake aiki.

A lissafinsa, irin da suka bi ta hannunsa sun haura dubu bakwai. Yawanci tun zagayen farko suka kwanta aka ƙone su. Kaɗan sun tsallake ciwon amma suka faɗi a wani wajen, wannan ba zaƙi, wancan iska kaɗan ta kayar da shi. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Yakan ce aikinsa tsaron ƙofa ne, kada marar ƙarfi ya wuce. Amma ni da nake zaune da shi na san yana so, kafin ya tafi, a ce ga iri ɗaya a gonakin mutane wanda ya bi ta yatsunsa.

Saura shekara biyu ya yi ritaya lamba sittin da biyu ta zo. Tun tana tukunya ta fita daban, ganye faffaɗa mai sheƙi, gindi ja-ja, tsayuwa a miƙe. A zagayen farko Shaida ta kwanta, rabin teburin ya kwanta, ita ko gezau. Zagaye na biyu ma haka. Uwayenta, wato karan da ake yanko gaɓoɓinta daga jikinsu, da aka dasa a filin tashar, inda ake feshi kullum don ƙwari, aka auna zaƙinsu aka ga ya kai inda ake so har ya wuce. Malam da ba ya sa wa rake suna, sai ga shi yana ce mata Auta, wai ita ce ta ƙarshe da zai raina. Na ce Allah Ya sa kada ya shagwaɓa ta yadda ya shagwaɓa autarmu ta gida, wadda har ta yi aure ba ta taɓa jin tsawarsa ba. Ya yi murmushi ya ce ai ni na yi tsawar mutum biyu.

A lokacin dabbare ya riga ya ci gonar Yaya. Shekara huɗu yana yankan kara sirara, masu saye suna taɓe baki suna yin gaba. Da Auta ta tsallake zagaye na uku, shugabar sashensu, wata masaniya sa'ar babbar 'yarmu wadda kowa yake kira Dakta, ta ce za a zaɓi manoma goma a ba su irin su gwada a gonakinsu. Sunan Yaya ya fito ba da sa bakin Malam ba, gonarsa ce ta fi kowace shan wuya. Yaya ya tumɓuke tsohon rakensa na fegin bakin ruwa, fegin da ya fi kowane kyau, ya ƙone saiwoyin, ya yi huɗa, ya zuba taki, ya zauna jiran Auta. Duk sati sai ya zo gidanmu, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa ya ce, "Ƙarami, yaya 'yar taka?" Mutum da furfurarsa ana ce masa Ƙarami, shi kuma ya amsa da ladabi, "Tana nan lafiya, Yaya."

Saura sati uku a fara dashe Dakta ta ce a yi zagaye na huɗu, na cika takarda kawai, kafin a yanki iri. Ranar na kai masa abincin rana na tarar bai gama ba. Na tsoma takalmana a tiren magani na bakin ƙofa, na wanke hannu, na bi ƙofa biyun nan, na sami bokiti na kife na zauna tsakanin tebura. Ina da hannun riga da nake ƙarasa wa kalmasa da allura, sai na fitar na ci gaba, na ba shi baya. Ɗakin shiru, sai ɗigar famfo da ƙarar yatsunsa. Garin nan yana da 'yar ƙara in ya kama ganye, ƙus, ƙus, ƙus, sau uku, ya matsa gaba. Na saba da ita har ba na lura sai in ta tsaya. To sai ta tsaya. Na ɗauka ya gama, na soke allura na juya don in buɗe masa kwano. Ashe bai gama ba. Yana sunkuye a kan wani layi, hannunsa yana tafiya daga gindi zuwa baki sau uku yadda ya saba, amma ba ƙara ko kaɗan. Ya gama tukwane goma na layin, ya koma layin da ke biye, ƙarar ta dawo.

Na ce, "Malam, wancan layin na wa ne?"

Ya ce, "Auta ce."

Na yi dariya. "Ai ko ba ka faɗa ba. Sauran dirza su kake yi, ita kuwa mai kake shafa mata kamar jaririya bayan wanka. Ko ƙara ba ta yi."

Wallahi da wasa na faɗa. Ya tsaya da yatsunsa cikin kwano, bai dube ni ba. Ya dubi layin, ya dubi hannunsa. Sannan ya ƙarasa teburin, ya ɗauraye ganyen da ruwa kamar kullum, ya zo ya zauna ya ci abincinsa, ya ce an gode.

Malam ba ya faɗa. In ransa ya ɓaci, ladabinsa ne yake ƙaruwa. Kwana uku ina shan "sannu da aiki" da "Allah Ya saka da alheri" har na rasa inda zan sa kaina. Na yi nadama ƙwarai. Mutum ya yi shekara talatin yana jiran abu ɗaya, ni na zo da dogon bakina na kwance masa. Rana ta uku da safe, yana ɗaure ƙafar wando zai hau keke, na tare shi.

"Malam, maganar nan ta rannan, ka bar ta. Ƙila kunnena ne. Famfon yana ɗiga, hankalina kuma yana kan ɗinki."

"Tela," ya ce, "ke da kike gane zaren ƙasa ya kusa ƙarewa da ƙarar keke kawai?"

"To ai sau uku tana tsallakewa."

"Sau ukun ni na shafa." Ya gyara hularsa. "Jiya na sa gilashi na duba. Ganyen sauran duk sun dushe, akwai ƙarce. Nata yana nan yana sheƙi kamar ba a taɓa ba. Ban san ina yi ba, ban kuma san tun yaushe ba. Ƙila tun ranar farko, don tun ranar ta burge ni."

Abin da ya faru a ofis Dakta ce ta ba ni labari daga baya, shi ba zai faɗa ba. Ta ce ya shigo ya cire hula ya tsaya, ta yi ta fama ya zauna ya ƙi, ya faɗa mata komai har da bokitin da na zauna a kai.

Ta ce masa, "Baba, Shaida ta kamu duk sau ukun. Takardunmu a cike suke, ba wanda zai ce komai."

Ya ce, "Ƙarfin ruwan kawai Shaida ta shaida, Dakta. Ba ta shaidi hannuna ba."

"Kun san abin da kuke nema? Waɗanda ke tebur ganyensu ya fara tauri, in ba su kamu ba ba za mu san dalili ba. Sai mun dasa sabbin gaɓoɓi, sati huɗu su tsiro, sati uku mu jira ciwo. Kafin nan dashe ya wuce. Manoma goma, har da wanku."

Ya ce, "Na lissafa."

Ta ce mini a lokacin ji ta yi kamar ta yi kuka don takaici, domin ta riga ta aika wa na sama da ita labarin Auta. Amma ta jawo takarda ta sa hannu.

Da yamma Malam ya faɗa wa Yaya. Ya roƙe shi ya nemi wani irin ya dasa a fegin tun lokaci bai ƙure ba, kada ya jira. Yaya ya dube shi ya ce, "Shekara biyu kana ce mini lafiyarta ƙalau. Zan jira." Ya ɗauki sandarsa ya tafi bai sha ruwan da na kawo masa ba.

Ana gobe za a dirza sabbin tsiron, Malam ya zo bakin shagona, abin da ba ya yi, ya tsaya har na ɗaga ƙafa daga keke.

"Gobe ki rufe shago," ya ce. "Ina so ki zo ki zauna a bokitin nan."

"In yi me?"

"Ki juya baya ki saurara. In kin ji shiru ki yi magana. Kada ki ji nauyina."

Tukwane arba'in ne na Auta, ashirin na Dakta, ashirin nasa. Dakta ta fara, ƙarar hannunta har ta yi yawa, daga baya ganye biyu suka ƙone. Sai Malam. Tukunya ta farko, ƙus, ƙus, ƙus. Ta biyu haka. Ta uku shiru. Ina zaune da allura a hannu ba zare, ina kallon raga, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba da ƙyar na ce, "Malam, ban ji ba." Na ji ya sake tsoma yatsa, ƙarar ta fito. Sau huɗu na faɗi haka a cikin tukwane ashirin, kowace ta fi ta baya nauyi a bakina, shi kuma kowace sai ya ce, "Na gode," ya koma. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, ban kuma taɓa sonsa kamar ranar ba.

Sai jira. Lokacin dashe ya zo yana wucewa, maƙwabtan Yaya suna dasa abin da suke da shi, fegin bakin ruwa yana zaune da huɗarsa ciyawa tana fitowa. Malam yana cin abinci, yana ba kaji ruwa, yana rufe ƙofofi. A rana ta sha shida na ji ƙarar kekensa tun hantsi, lokacin da ba ya dawowa. Ya jingine shi, ya shigo ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Shaida ta kwanta." Ya share hannunsa da tawul, ya rataye shi daidai. "Auta ma."

Shi ya fara gani. Ya ɗaga sabon ganye a hasken safiya ya ga ɗan layi mai haske kusa da gindi. Ya kira Dakta, ta sa tabarau ta cire ba ta ga komai ba, sai da aka kai ganyen ɗakin gwaji aka tabbatar. Kafin sati uku su cika, talatin da ɗaya cikin arba'in sun yi dabbare, na hannunsa da na hannun Dakta duka. Da hannunsa ya rubuta mata maki huɗu. Na ji an ce tun daga lokacin ba a dirza a ɗakin nan sai an rufe lambobin da takarda, kuma sai da mutum na biyu a kusa yana saurare.

Da kansa ya je gona ya faɗa wa Yaya. Da ya dawo na tambaye shi me ya ce, ya ce ciyawa ya tarar yana cirewa, ya ci gaba da cirewa. Yaya ya watsa masara a fegin don kada ya zauna haka, amma noman rake na shekarar ya tafi. Sati uku sandarsa ba ta jingina a ƙofarmu ba. Malam kuwa duk yamma yakan fito da tabarma biyu ya shimfiɗa, ya naɗe ɗaya in rana ta faɗi. Da abin ya ishe ni, na yafa mayafi na tafi gidan Yaya, na durƙusa na gaishe shi na ce, "Yaya, in fushi za a yi, da ni za a yi. Bakina ne ya jawo." Na ba shi labarin bokiti da ƙarar yatsu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji. Ki gaida gida."

A satin ƙarshe na aikin Malam aka yanke shawarar sare uwayen Auta na filin tashar. Lafiyarsu lau tun da ƙwari ba su taɓa kai musu ba, sai Dakta ta ce maimakon a ƙone, ma'aikata su ɗauka su sha, amma da sharaɗin a ƙwaƙule ido. Kowace gaɓar rake tana da ido ɗaya, ta nan take tsirowa in an dasa. Malam ya ce shi zai yi. Ya zauna a inuwa da wuƙa daga azahar har la'asar yana bin karan gaɓa-gaɓa. Ranar ya dawo gida da kara uku ɗaure a bayan keke, karo na farko a shekara talatin da ɗaya. Kauri kamar damtsena, ja-ja, kowace gaɓa da ɗan raminta.

Yana shimfiɗa tabarma ta biyu muka ji an jingine sanda a bakin ƙofa. Yaya ya shigo, suka gaisa kamar jiya suka rabu, ni na zauna daga gefe. Malam ya jawo kara ɗaya ya fara ferewa, ya miƙa wa wansa. Yaya ya tauna, ya tsotsa, ya tsaya, ya sake taunawa a hankali. Manomi ne, ba sai an faɗa masa abin da ke bakinsa ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki karan da ba a fere ba, ya ɗora a cinya yana juya shi, babban yatsansa yana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya daga sama har ƙasa.

"Duka ka cire?"

"Duka, Yaya."

"Ko ɗaya ba ka manta ba?"

"Sau biyu na duba."

Yaya ya ci gaba da juya karan. "Da ka yi shiru, da yanzu ta kai gwiwa a gonata."

"Da ta kai. Baɗi ka ba maƙwabta iri, don na san ka ba za ka hana ba. Su ma su ba nasu. Shekara uku duk bakin kogi ita ce, kowa ya tumɓuke nasa. Sannan ta kwanta da ku gaba ɗaya."

Yaya ya dubi yatsun ƙaninsa masu kore, ya dubi ramin gaɓar da ke hannunsa, ya ajiye karan a tabarma a hankali. "Tun kana yaro haka kake," ya ce. "Miƙo wani, Ƙarami."

Malam ya fere masa. Sannan ya koma gindin karan ya yanko gaɓar ƙasa, wadda ta fi kowace zaƙi, wadda a gidanmu in na sayo rake autarmu kawai yake ba wa. Ya fere ta tas, ya miƙo mini ta gefe, idonsa a kan wuƙa.

"Karɓi, Tela," ya ce. "Ke kika ji ta."

Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa shan rake mai zaƙinsa ba.